Kada Ki Ba Kowa Koren Littafin

Leeds, Ingila
9 ga Maris, 1994

Yaya Rahmatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar Inna? A gaishe min da mutanen Ƙofar Kibo.

Ni lafiya lau. Wanke-wanken da nake yi bayan darasi ya ɗan tsattsaga min hannu, amma kada Inna ta ji.

Wasiƙarki ta tayar min da hankali. Kin ce wani Alhaji Jumare ya zo, wai ni na aiko shi ya duba injin da na haɗa a zaure, mai sassaƙa katako da umarnin kwamfuta. Yaya, ban aiki kowa ba, ban ma san shi ba. Injin kansa tarkace ne, 'yan injinan lantarki na tsofaffin firinta masu buga takardu da sarƙar keke da ƙarfen gadon Baba. Amma kin ce ya tambayi koren littafi, wanda awo da zanen shekara huɗu ke ciki.

Mutum ɗaya na taɓa ba labarin littafin nan, Yari abokin ɗakina, wanda ya yi jinyata da na kwanta a Janairu. Na ce masa, "Ka san wani Jumare?" Ya ce a'a, amma bai ɗago kai ba.

Don Allah ki kulle littafin a akwatinki. In Alhajin ya dawo, ki tambayi unguwarsu da danginsa, in ga ko yana da alaƙa da Yari. Ki taya ni addu'a Allah ya sa zargina ƙarya ne, domin har yau kwano ɗaya muke ci da Yari.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Tukur