Allurar da Alhaji Tanko ya hana

Daren Laraba, Dogon Dutsi

Allah ya bar mana Alhaji Tanko, likitan kasuwa, wanda ya san ciwon kowa ba tare da ya tashi daga kan buhun gero ba. Wata biyu da sunka wuce majo, babban ma'aikacin asibitinmu, ya ce in sa a yi wa Inna allurar mura saboda ƙirjinta. Tanko ya yi dariya har hularsa ta karkace: "Haba Isufu, kai da ka yi boko a lakwal! Mura ma sai allura? Ba ta citta da kanumfari." Na ji kunya, na bari.

Ran sunan ɗan abokinmu Hamisu a garin Kore Mairuwa, ludayi guda munka sha fura da shi, mu bakwai, ɗayanmu yana ta tari yana miƙowa. Ƙin karɓa wulaƙanci ne, na sha. Bayan kwana biyu masassara ta kayar da ni. Ni na tashi, Inna ta kwanta. Yau kwananta huɗu a asibiti, numfashi da kyar.

Ɗazu majo ya ce allurar ba ta hana kamuwa duka, amma da an yi mata, da wuya ciwon ya kai haka. Sannan ya ce, "Abokinka Tanko ai ya fi ka wayo. Shi da tsohuwarsa sun yi tasu a Yamai kafin Umra, shi ya nuna mini karne, takardar allurarsu."

Shekara ashirin rumfarmu na jingine da tasa. Ashe shawara kaɗai ake raba wa aboki?