Darbejiyar Bakin Kwami

Kalakla, Janairu 1994

Zuwa ga maigidana, Baban Aliya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya aiki, ya baƙunta a Jidda? Mu nan alhamdu lillahi, Aliya ta fara tafiya.

'Ya'yan karfasan da ka bar mini a kwamin kifi da ke bayan gidanmu ne ke damuna. Tun da sanyi ya shigo suka koma ƙasan ruwa suka lafe. In na watsa dusa sai su dube ta su kauce, har yau ba su fi ɗan yatsa ba. Na rage musu abinci kamar yadda ka koya mini, ina jira rana ta ɗaga, ruwan ya yi ɗumi, sannan in ba su.

Amma yayan nan naka, Yaya Ibrahimu, ya matsa. Wai inuwar darbejiya ce ke sanyaya ruwan, a sare ta. Ni na san wurin yake so, ya kafa rumfar sayar da gawayi. Don Allah ka ja masa kunne.

Ka gaida mutanenmu na can.

Matarka,
Awadiyya

Alsawra, Umdurman, Mayu 1994

Baban Aliya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ni dai ba lafiya ba.

An sare darbejiyar. Da na tare masu gatari, Yaya ya ce kai ka ba shi izini ta waya. Kai da ka yi shekaru kana kiwon kifi a Alshajara kafin gwamnatin soja ta kore ku daga aiki! Shi bai sani ba, kai fa? Kunyar yayanka ce ta fi ƙarfinka.

Da farko kifayen sun ci kamar hauka, sun yi girma, Yaya yana ta yi mini dariya. Sai zafi ya sauko. Da azahar ruwan kamar shayi, ban iya barin hannuna a ciki. Suka daina ci, suka taso sama suna buɗe baki. Na rufa wa kwamin tabarma, iska ta yar da ita. Famfo ya ƙafe, ba sabon ruwan da zan sirka. Da rariyar tankaɗe na riƙa kwashe gawarsu, kajin maƙwabta suka ƙoshi.

'Yan kaɗan da suka rage na zuba a randa, na goya Aliya, muka hau mota. A bakin gada soja ya buɗe murfin da bakin bindiga, ya leƙa, ya yi tsaki. Ko shi ya ga abin bai kai a ƙwace ba.

Yanzu muna gidan Babana. Randar na ƙarƙashin bishiyar lemo, jiya sun fara taɓa abinci. Yaya ya aiko wai in koma kafin mutane su yi magana. Su yi.

In kana da abin faɗa mini, kada ka bi ta bakin kowa. Ka rubuto da hannunka, a nan za ka same ni.

Ka huta lafiya.

Awadiyya