Kusu Mai Lamba Ɗari Huɗu da Sha Ɗaya

Zuwa ga yayata Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci ƙanwa, ina sanar da ke an ba ni umarni in rufe sunanki a rumbun bayanan wurin aikinmu kafin sallar Juma'a. Yau Alhamis, na kasa.

Ke kika koya mini aikin nan a ɗakinmu na unguwar Gesse. Hotuna dubbai na ƙwaƙwalwar ɓera, an yanka ta sirara kamar albasa, mu kuma mu tantance wace ƙwayar gado ke aiki a wane gefe. Kowa a aikin yana rubuta Turanci, ke kuwa sai ki sa "kusu" a gurbin sharhi, yadda muke faɗa a gida Argungu. Na sha yi miki tsiya. Ki ce, "To shi kusun ya kai ƙara?"

Kafin ciwo ya kwantar da ke kin haɗa 'yar manhaja mai kama kuskure, kika zuba mata maganganunki. Wata biyar da rasuwarki, kullum tana gaya mini, "Duba kusun ga da kyau." Ina jin daɗinta, wallahi. Rufe sunanki kuwa kashe ta ne.

Shekaranjiya bayan azahar na shigar da hotunan kusu mai lamba ɗari huɗu da sha ɗaya. Sai sharhi ya fito da sunanki: "Safiya, kin sake juya hagu da dama. Wane hannu kike cin tuwo da shi?"

Yaya, nan take na koma kan aikin. Na duba, lallai na juya hoton, ɓangaren hagu ya koma dama. Na buɗe manhajar na bi ta layi-layi har la'asar. Babu sunana a ciki. Babu tuwo. Wannan faɗan a tsakar gida kike yi mini shi, ina 'yar shekara shida.

Ban gaya wa Inna ba. Ban gaya wa shugabanmu ba, me zan ce masa?

Ina kewarki, ina kuma jin tsoro. Gobe da safe zan rufe. Ki yafe mini, ba korarki nake yi ba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sa kina hutawa. Wannan addu'ar ta hutawa na fi nacewa a kanta, don ban tabbata kin daina aiki ba.

Ƙanwarki mai juya hannu,
Safiya