Akwatin Finafinan Kawu Iliya

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen gida a Damagaram. Ya jikin Inna? Mu nan Akokan sai godiya.

Bayan sadakar arba'in ɗin Kawu Iliya, matarsa ta ba ni akwatin finafinansa. Duk suna nan, na Indiya, na kaboyi, na faɗan 'yan Sin. Ka tuna in ya fito daga ramin ma'adini, yakan sa mu rage sauti ya fassara mana, yana yi yana tari.

Ran Juma'a da la'asar na saka na Indiyan da ka fi so. Hannuna da kansa ya rage sautin. Na zauna bakunan 'yan wasan suna motsi, ina jiran Kawu ya gyara murya. Da na ƙara sautin, sai na ga ashe ban san fim ɗin ba, muryarsa na sani. Na kashe, amma har yau ina jin tarin nan a bayana.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Inna. In ka tuna abin da uwar take ce wa ɗanta a ƙarshen fim ɗin, rubuto mini yadda Kawu ya faɗa.

Ƙaninka,
Mamman