Zanar da Ta Kashe Fari

Daga Gagarawa, zuwa Maigatari.

Zuwa ga maiɗakina Sabuwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Yelwa. Yaya tarin nata? Malam Sajo zai karanta miki wannan takarda, kada ki ji kunyarsa, ni ne ya kamata in ji.

Kin tuna ranar da zan taso da zanar sayarwa, kika ce in nannaɗe su in kwantar a tsawon bayan takarkarinki Fari, siririn baki gaba, yadda Baffanki yake yi don iska ta zame ta wuce. Na yi miki dariya, na ce mace ba ta koya wa falke ɗaurin kaya. Na tsayar da su a buɗe, dama da hagu, don in ɗauki goma sha biyu maimakon takwas.

Muna barin Gumel iskar bazara ta tare mu gaba da gaba. Zanar nan ta zama katanga. Fari yana turawa, iska tana mayar da shi. Harawar kwana huɗu ta ƙare a biyu, ruwa kuwa kamar ana zubawa a rairayi. Na ga yana haki, amma taurin kai ya hana ni sauka in sake ɗauri. Yanzu yana kwance gindin tsamiya, ya ƙi tashi. Ki taya ni addu'a.

Mijinki,
Ɗantala.

Zuwa ga Sabuwa,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarku. Ban san ta inda zan fara ba.

Ranar Laraba da hantsi na sa aka yanka Fari, don kada ya zama mushe. Mutanen gari sun raba naman, ni ban iya kai loma baki ba. Na san tun yana maraƙi kike ba shi dusa da hannunki, kuma shi kaɗai ya rage miki daga garken Baffa.

Zanar duk ta sayu, har ana yabon saƙarta, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ga fatarsa nan na ba fatake su kawo miki. Ni ina nan Gagarawa, ƙafata ta kasa kama hanyar gida. Idan kin yarda in dawo, ki aiko da kalma ɗaya.

Ki shafa mini kan Yelwa, kada ki ce mata Fari yana tafe.

Mijinki mai neman gafara,
Ɗantala.