Fijon Sada

Litinin, 10 ga Mayu, 1999
Yau na yaye tamfol daga kan Fijon Sada. Shekara biyar ke nan tun ranar da aka zo neman ƙanen nawa kan maganar yajin aiki, ya ƙetara ta Jibiya da riga ɗaya. Yanzu an ce sojoji za su miƙa mulki ƙarshen wata, waɗanda suka gudu sun fara dawowa. Kullum mitarsa birkin motar nan, sai ka taka sau uku kafin ta ga dama ta tsaya. Ya ce in ya dawo zai canza shi. To, zai tarar an canza.

Alhamis, 13 ga Mayu
Gwadabe bakanike na Ƙofar Kwaya ya ɗaura mata babban faifan birki a gaba, da sababbin takalman birki. Sai ga wata sabuwa: tsohon rim ɗin taya ya yi kaɗan, yana gugar ƙarfen birkin. Dole a nemo manya a Kano. Ya karya tsinken tsintsiya daidai tazarar ramukan noti, ya ce in tafi da shi. Da zai ja kujerar direba gaba na hana shi. Sada dogo ne, a inda ya bar ta take.

Talata, 18 ga Mayu
Abin kunya. Na bar tsinken a gida, wai ni malamin lissafi, me zan yi da tsinke? Na ƙirga rami huɗu, na kinkimo rim huɗu tun daga Kano. Ko ɗaya bai zauna ba. Ramin Fijo ashe ya fi na sauran motoci nisa da juna. Gwadabe ya yi dariya har da riƙe ciki.
"Malam, ai ba ƙirga ake ba, awo ake. Gobe ka tahi da tsinken."
Matata Lailatu ma da na dawo gida ba ta raga mini ba, wai in ta aike ni cefane za ta haɗa ni da tsintsiya.

Asabar, 22 ga Mayu
Na koma Kano da tsinke cikin hula, na canzo rim ɗin. Sun zauna daram. Gwadabe ya juya sitiyari dama da hagu, babu inda ke guga.

Asabar, 29 ga Mayu
An rantsar da farar hula. Na wanke motar, na fito da ita ƙofar gida, na zauna kusa da ita da rediyo. Duk motar da ta shigo layinmu sai na miƙe na leƙa. Har aka kira magariba. Ina kewar yaron nan, wallahi.

Laraba, 2 ga Yuni
Shiru.

Litinin, 7 ga Yuni
Wani direban Maradi ya kawo wasiƙa daga Yamai. Sada ya buɗe shagon littattafai, ya yi aure, har da 'yar da ya sa wa sunan Innarmu. Zai zo ganin gida, wataƙila da babbar salla, amma ba da zama ba. A ƙasa ya rubuta: "Yaya, ka riƙa hawan motar, kada ta ruɓe. Ka dai kula da birkinta."
Ban ci tuwo ba. Lailatu ta rufe kwanon.

Juma'a, 18 ga Yuni
Gwadabe ya ce sabon birki sai ana taka shi yake kama jikinsa, in an ajiye tsatsa zai yi. Shi ya sa na kai Lailatu Ƙofar Sauri wajen yayarta, ba don komai ba. A hanya akuya ta faɗo titi, na miƙa ƙafa da ƙyar na kai. Taku ɗaya motar ta tsaya cak.
Na gangara gefe, na jawo kujerar gaba. Ta yi tauri, sai da na sa hannu biyu. Lailatu ta kalle ni, na ce mata ai ana iya mayarwa.