Mai Saye Marar Tauraro

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Garin Tiga. Na gama gyaran jan injin ban-ruwan nan. Na canja masa fulogi, na gwada shi a bakin dam, yana ja kamar sabo. Na ɗauke shi hoto na sa a manhajar gwanjo. Wanda ya fi tayi zuwa Asabar shi ke da shi. Injin nan kaɗai ya rage a rumfa.

Talata, 4 ga Fabrairu

Matata Luba ta kira daga Nguru. Yara lafiya. Ta ce yaushe zan zo. Na ce in na sayar da injin. Bara ma haka na ce mata, a kan wani injin.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Wani sabo ya shigo tayi. Ɗantani Falgore. Ba hoto, ba tauraro ko ɗaya, jiya ya buɗe asusun. A manhajar nan tauraro ne mutuncin mutum: in kun rabu lafiya ka ba shi, ya ba ka. Marar tauraro kuwa Allah kaɗai ya san ko wane ne.

Watan jiya irinsa ya cinye gwanjon janaretana, bai biya ba ya ɓace. Kafin in waiwayi mai tayi na biyu ya saya a wani wuri. Akwai maɓallin da ke hana irinsu yin tayi. Tun lokacin nake cewa zan kunna.

Mustapha mai kifi, maƙwabcin rumfata, ya ce, "Injiniya, goge shi kawai ka huta." Na ce wannan bai yi mini komai ba tukuna.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Shi ya cinye. Na biyu wani dillali ne a Kwanar Dangora, taurarinsa ba sa ƙirguwa. Manhaja ta ba Ɗantani zuwa azahar ɗin Talata ya biya. Ban ji daɗi ba, ban ji haushi ba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Shiru.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Shiru dai. Dillalin ya turo saƙo: da wa'adi ya cika in danna "bai biya ba", a rufe asusun mutumin, injin ya koma kansa, shi kuma ya biya nan take. Bai yi ƙarya ba, haka dokar take. Na ci garau-garau. Na zauna ina kallon ruwa.

Talata, 11 ga Fabrairu

Da hantsi na kira lambarsa. Ba don tausayi ba. Don in na danna kada ya zama da haƙƙin wani a kaina.

Da ƙyar ta shiga. Iska, kukan shanu, sai muryar dattijo. Ya gaishe ni da gida, da iyali, da aiki, da gajiya. Na amsa a gajarce.

Na ce, "Baba, ka cinye inji ka yi shiru."

Ya ce, "Ni na yi shiru? Ai kai ka yi shiru, ɗan nan. Na yi tayi, ban ji ka ce albarka ba, ban ji ka ce ka sallama ba. Sai in zuba kuɗi a kan kayan da mai shi bai sallama ba?"

Na ce manhaja ta rubuto masa cewa shi ya cinye.

"Na gani. Injin nata ne?"



Wai tun Asabar kullum sai ya hau tudun bayan gari, inda waya ke kamawa, ya tsaya jiran sallamata. Injinsa ya mutu. Shi da matarsa Asabe da bokiti suke ba albasa ruwa, ganye har ya fara kwantawa. Ba roƙo ya yi ba. Faɗa kawai ya yi, kamar mai ba da labarin gonar wani.

Na ce, "To na sallama."

Ya ce, "Na saya. Allah ya amfana."

Sai dai mai tura kuɗi ta waya yana Tudun Wada, sai ya nemi babur.

Aka kira azahar, kuɗi bai shigo ba. Maɓallin "bai biya ba" ya yi ja. Dillalin ya kira ya ce mutumin wasa yake da hankalina, kuma shi bayan yau ba ya so. Na ce na riga na sallama. Ya yi dariya ya ce ban san kasuwa ba. Wataƙila.

Na kife wayar a kan benci. Na wanke sufana ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ba su da datti. Na tuna janareta.

Bayan la'asar kuɗin ya shigo.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na kai injin tasha, na ba direban Doguwa da zai bi ta Falgore. Na haɗa da tsohon tiyo da ba ya cikin ciniki. Dama wuri yake cinye mini.

Mustapha ya ce, "Injiniya, ka yi sa'a ne fa. Na gaba sai ya dafa ka." Na ce na sani.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Ɗantani ya kira. Ya kara wayar a jikin injin don in ji. Yana ja. Can baya mace na cewa a matsar da tiyon.

Ya tambaye ni mutumin ina ne. Na ce Nguru. Ya ce iyali fa? Na ce suna can. Ya ce, "To kai wa kake jira ya sallame ka?" Waya ta yanke, ko ni na yanke, ban sani ba.

Na ba shi tauraro. Shi bai ba ni ba. Bai ma san inda ake dannawa ba.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Na sa wani famfon feshi a gwanjo. Maɓallin nan na hana marasa tauraro tayi dai ban kunna ba. A ƙasan hoton na ƙara layi: wanda ya cinye, zan kira shi da bakina in sallama. Don rage ɓata lokaci ne kawai.

Na biya ta tasha na tambayi direbobin Kano inda ake samun motar Nguru yanzu. Tambaya ce kawai.

Ban gaya wa Luba ba. Na dai wanke jakar.